Daga Makwar: Ranar Da Duna Ya Ƙi Lakar Gadarif

Wanda ya buɗe wayarsa yana tsakiyar cin abinci ya yi mini afuwa, ya ajiye ta tukuna sai ya wanke hannu, don yau kashi da fitsarin kare za mu tattauna. Na daɗe ina kewaye zancen nan. Sai da wani ɗan uwa mai safarar albasa tsakanin Kosti da Madani ya tare ni a kasuwa ya ce, "Malam, kai da kake rubutu a kan komai, ka taɓo mana maganar karnukan nan mana. Ni fa saura ƙiris aurena ya mutu a kan kwikwiyo." Na yi dariya, shi bai yi ba. Ashe kwikwiyon ya mayar da gindin randar uwargida wurin tsugunninsa, ita kuma ta rantse ko shi ko ita.

Ga masu karanta mu daga Kano ko Kumasi ko Jidda, Makwar shi ne sunan wurin da aka gina madatsar ruwa a kan Bahar Azrak, reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, aka gama ta a 1925. A takarda garin Sinnar ne, a bakin tsofaffinmu Makwar ne har gobe. Kudu da mu kaɗan ga Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakanninmu wasu hijira ta kawo su, wasu hanyar Makka, wasu aikin auduga a gonakin Jazira. A ƙauyukanmu kare ba abin ado ba ne. Ba ya hawa angarib, ba ya shiga ɗaki. Aikinsa gadin lambun ayaba da mangwaro a bakin ruwa, da tsare awaki daga dila da mai ƙafa biyu. Malamai ma suna kawo labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare don tsaro. To tunda ajiyewar ta zama dole ga wasunmu, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mu fara da abin da ke haɗa miji da mata faɗa, wato tsarki. Mutanenmu da yawa sun ɗauka kare ɗungurungum najasa ne, ko gefen riga ya goga sai a tuɓe. A Malikiyya, mazhabar da mu da mafi yawan mutanen Sudan muke bi, ba haka abin yake ba. Duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ruwa, malamanmu sun ce bin umarni ne na bauta, ba wai ruwan ya zama najasa ba. Shafi'awa sun tsananta fiye da haka, kuma wanda ya zauna Masar ko Yaman ya gani da idonsa. Amma inda kowa ya haɗu shi ne fitsarin kare da kashinsa najasa ne, babu ja. Kuma a wajenmu rana ba ta tsarkake ƙasa. Wai ya bushe ai shi ke nan, wannan ba maganar malamanmu ba ce. Idan kashi ne a kwashe shi da ƙasar da ya taɓa, idan fitsari ne a kwarara ruwa mai yawa. A kan siminti a wanke da sabulu, sannan a bi da ruwa zalla.

Akwai wani lungu na mas'alar da mutane ke mantawa. Kashin akuya da na kaza mai tsarki ne tunda ana cin namansu, sai fa idan dabbar tana cin najasa. To kazar da ta wuni tana tono a inda kare ke bahaya, ta zo ta yi nata a kan tabarmar Inna, ka ga magana ta canza. Gida ɗaya ne, ƙazantar ɗaya tana bin ɗaya.

Karena sunansa Duna. Baƙi ne wuluk, irin karnukan ƙauye masu tsayin ƙafa da tsayayyen kunne, an haife shi a lambunmu na bakin ruwa, a kan yashi. Ku riƙe maganar yashin nan, za mu dawo mata. Duna ba ya tsugunnawa sai ya yi kewaye kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. Ya sunsuna, ya juya dama, ya juya hagu, ya fasa, ya matsa taku biyu ya sake daga farko. Masana ɗabi'ar dabbobi sun ce yana karanta warin wurin ne, yana tattake ciyawa, yana duba ko lafiya. A 2013 wasu masu bincike na ƙasar Cek da Jamus suka fitar da sakamakon bibiyar karnuka 70 da suka yi har shekara biyu, suka ce idan maganaɗisun duniya yana kwance lafiya, karnuka sun fi son miƙe jikinsu kudu da arewa lokacin bahaya. Da na karanta wa yara, autana ya ɗauki wayata mai nuna kusurwa ya yi mako guda yana bin Duna a baya. Rahoton da ya kawo shi ne, "Baba, shi dai duk inda iska ta kaɗa." Inna ta ce mutanen da suka samu shekara biyu ta kallon gindin kare lalle ba su da gona.

Idan ya gama sai ya hau tono da ƙafafun baya, ƙura ta tashi. Mutane suna cewa binnewa yake yi kamar kyanwa. Ba binnewa ba ce, ai ko kusa da abin ba ya rufewa. Akwai wani wari a tsakanin yatsunsa da yake shafa wa ƙasa, ga kuma zanen farce, duk sanarwa ce ga sauran karnuka cewa mai wuri ya wuce ta nan. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne wannan tonon yana watsa ƙazanta nesa. Saboda haka wurin kare kada ya zama kusa da murhu, ko inda ake shanya kuɓewa da tumatir, ko inda zir ɗin ruwan sha yake.

Sai ɗaga ƙafa, kuma nan ne abin ya zo kan aljihunmu mu 'yan kasuwa. Namijin kare yana raba fitsarinsa kaɗan kaɗan a kan duk abin da yake tsaye, musamman sabon abu mai baƙon wari. Mene ne ya fi buhun da ya kwana uku a bayan lori baƙon wari? Wata shekara na sauke buhunan dawa a zaure da daddare na ce sai da safe a shigar da su. Kafin asuba Duna ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu, kamar ma'aikacin kwastan. Biyu na ƙasa sai awaki aka ba. Ban doke shi ba, don laifin nawa ne. Tun daga ranar kaya ba sa kwana a inda zai kai gare su, kuma ko a sito a kan katako suke, ƙofa a rufe. Wanda ke sayar da abin da mutane za su ci, ya san amanar da ke wuyansa. Buhun riɗin da kare ya yi wa fitsari ka shanya ka kai kasuwa, kai da Allah.

Akwai kuma ɗabi'ar da ba na son ambata amma dole. Kare yana cin kashi, na jaki, na yara, wani lokaci har nasa. A wasu gidajenmu na ƙauye an mayar da wannan hanyar shara, yaro ya tsuguna a bayan ɗaki, a kira kare ya share. Wallahi mu daina. Bakin nan da ya share shi ne zai lashi hannun yaron da kwanon da aka bari a ƙasa. A samo wa yaro fo, a zubar a masai.

To yaya ake koya masa wuri? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari. Ƙiyasin da masu kiwon karnuka ke yi shi ne a ƙidaya watanninsa a ƙara ɗaya, awannin da zai iya riƙewa ke nan, wato ɗan wata biyu kamar awa uku. Lokutansa kuma sanannu ne: da ya farka, da ya gama wasa, da kuma jim kaɗan bayan ya ci, galibi kafin rabin awa. A waɗannan lokutan a ɗauke shi ko a ja shi zuwa wuri guda, kullum wurin nan, a tsaya da shi. Ya yi, nan take a yaba masa a ba shi ɗan gutsuren kisra. Nan take nake nufi, ba bayan an dawo tsakar gida ba, don kansa ba ya haɗa lada da aikin da ya wuce. A riƙa faɗin kalma guda duk lokacin da yake yi. Mu a gidanmu "maza" muke cewa, kuma kalmar nan ta yi mana rana daga baya. Abinci ma a ba shi a kan lokaci, safe da yamma. Karen da ke ci duk sa'ad da aka ga dama, shi ma sa'ad da ya ga dama zai yi.

Duka ba ya koyar da komai a nan. Wanda ya tarar da ɓarna ya kamo kwikwiyo ya tura masa hanci a ciki ya zabga masa takalmi, abin da ya koya masa ɗaya ne, cewa kada ya yi a gaban mutum. Sai ya koma yi a ɓoye, bayan randa, ƙarƙashin gado. Abin da ya faru da mai albasa ke nan da na bincika. Na ce masa ya haƙe ƙasar gindin randar ya zuba sabuwa, ya matsar da randar na ɗan lokaci ya ɗora dutse a wurin, ya ɗebi kaɗan daga tsohuwar ƙasar ya kai inda yake so kwikwiyon ya koma. Hancin kare yana jin abin da namu ba ya ji, wari ne ke kiransa. A kan siminti, khal, wato ruwan tsami, yana rage warin, amma a guji ruwan wanki mai warin amoniya, don kama yake masa da fitsari. Wani kwikwiyon kuma da ya ga maigida ya dawo daga tafiya sai ya kwanta yana kaɗa wutsiya fitsari na zuba. Wannan murna ce da ladabi irin nasu. Kada a tsawata, a ƙyale shi ya nutsu kafin a kula shi, yawanci da girma yake bari.

Babban karen da ya san wurinsa shekara da shekaru, ya wayi gari yana yi ko'ina, wannan ba iskanci ba ne, ciwo ne ko tsufa. Jini a fitsari, ko nishi ba abin da ke fita, ko shan ruwa fiye da kima, ko ya kwana ya wuni bai yi fitsari ba ko ɗigo, a nemi likitan dabbobi, wanda a nan muke kira baiɗari, ba tare da jinkiri ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa na yarda na ɓata shafi guda a kan wannan zance. A cikin kashin kare akwai abin da ya fi najasa haɗari. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci ya ga hanta ko huhu mai ƙulluttukan ruwa, kamar an cusa ƙananan ƙwai a ciki. A raƙuma abin ya fi yawa, kuma likitocin da suka yi bincike a mayankar Tambul, babbar kasuwar raƙuma ta gabashin Jazira, sun same shi sosai. Yana kama tumaki da awaki da shanu ma. Me mahauci ke yi da irin wannan huhun? Ya yanke ya jefa wa kare. To a cikin ƙulluttukan nan 'ya'yan wata ƙaramar tsutsa ne. Su girma a hanjin kare, bayan kamar mako shida ya fara zubar da ƙwansu a kashinsa, shi kuwa lafiyarsa ƙalau, ba alamar komai. Ƙwan ba a ganinsa da ido. Yana manne wa gashin kare, da ƙasa, da ganyen jarjir da salak ɗin da muke ci ɗanye, kuma a ƙasa mai laima yakan yi watanni da ransa. Ya shiga cikin mutum, sai irin ƙullutun nan ya fara tsiro a hantarsa ko huhunsa, a hankali, shekaru ba a sani ba, har ciki ya kumbura ko tari ya ƙi jin magani. Sai an yi hoton ciki ake ganewa, maganin kuwa ƙwayoyin albendazol na tsawon lokaci, sau da yawa har da tiyata. Turkana ta arewacin Kenya ta yi suna da wannan ciwo saboda kusancin mutanenta da karnukansu. Na san yarinya a ƙauyen da ke kusa da mu da aka yi wa aiki a Madani a kan haka kafin yaƙi, iyayen sun sha yawon masu magani a kan sammu ne.

A lura da kyau, mutum ba ya ɗaukar wannan ciwo daga naman. Daga kashin kare yake ɗauka. Kare ne ke ɗauka daga naman. Saboda haka igiyar tana da wurin yankewa biyu. Na farko, kada a ba kare ɗanyen kayan ciki, mai ƙullutu kuwa a ƙone ko a binne da zurfi yadda ba zai tono ba. Ranar Babbar Salla ce ranar da aka fi yin wannan kuskure, kowane gida yana jefa abin da bai yi masa ba ta bayan katanga. Na biyu, maganin tsutsa. Sunansa firazikwantel, kuma mu mutanen Jazira mun san shi, shi ne dai ake ba yaranmu na tsargiya saboda wankan tur'a. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ba karnuka aƙalla sau huɗu a shekara. Awo gwargwadon nauyin kare ne, a bar wa baiɗari, kada a ɗebi na yara a ba shi da ka. Bayan an ba shi a ɗaure shi kwana biyu ko uku, a kwashe duk abin da ya fitar a ƙone ko a binne, don maganin yana kashe tsutsar amma ba ya kashe ƙwan.

Akwai wata tsutsar kuma doguwa da 'yan kwikwiyo ke zuwa da ita tun daga cikin uwarsu. Ita ƙwanta sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya iya cutar da yaro mai rarrafe da cin ƙasa. Wato wanda ke kwashewa kullum ya riga ta. A gidanmu akwai tsohon shebur da ba a taɓa komai da shi sai wannan, da rami a bayan garke nesa da rijiya, mita 30 ko fiye, ana zuba toka a rufe. Aikin manya ne, ba na yara ba. Kuma ba a kai shi lambu da sunan taki. Takin akuya daban, wannan daban.

Na ce za mu dawo kan yashi. A ƙarshen watan Yuni na 2024, da abin da ya faru a Sinja ya faru, muna cikin waɗanda suka ɗaure kaya. Ba sai na ba ku labari ba, da yawanku kun bi hanyar ko kun karɓi waɗanda suka bi ta. Muka samu lori mai zuwa Gadarif, mata da yara a sama, awaki biyar a baya. Inna ta ce, "Kai ɗan nan, mutane na gudun rai kana maganar kare?" Na ce gaskiyarta, muka bar shi. Lori ta tashi, Duna ya biyo mu da gudu cikin taɓo, auta yana kuka yana kiran sunansa. Da muka yi nisa direban ya leƙa madubi ya taka birki ya ce, "Ya Haj, ɗauko shi, amma idan ya ɓata mini mota kai za ka wanke." Aka ɗaure shi tare da awaki.

Bai ɓata mota ba. Matsalar ma ita ce ya ƙi yin komai sam. Damina ce, hanya ta zama kunu, tafiyar da ba ta kai wuni ba ta ci mana kwana uku. Duk inda aka tsaya in sauke shi da igiya, ya sunsuna baƙar lakar nan mai kama ƙafa, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana kallona, ya ja ni mu koma. Ranar farko ko ɗigo. Hankalina ya tashi, ga na iyali ga nasa. Sai da safiyar rana ta biyu na kai shi jikin tayar lori, auta ya tsuguna kusa da shi yana cewa "maza, maza", sannan ya saki fitsarin da na ɗauka ba zai ƙare ba. Babban kuwa ya riƙe abinsa har Gadarif. Tsoro da baƙon wuri da ƙarancin ci suna sa kare ya riƙe kashi kwana biyu, wannan ba abin firgita ba ne idan yana shan ruwa kuma cikinsa bai kumbura ba. Riƙe fitsari ne mai haɗari.

A Gadarif wani abokin cinikina dillalin riɗi ya sauke mu, Allah Ya saka masa da alheri. Gida ɗaya, iyali huɗu, masai ɗaya. Na ɗaure Duna a bayan gida wajen awaki. Cikin dare ya tsinke igiya. A duk faɗin gidan nan wuri ɗaya ne mai yashi, ƙarƙashin rakubar da mahaifin mai gidan yake salla, inda aka zuba farin yashi mai laushi saboda goshin tsoho. Da asuba tsohon ya fito da butarsa ya tarar da saƙon kwana uku.

Na sha kunya a rayuwata, ban taɓa shan irin wannan ba. Ka zo gidan mutum da iyalinka da uwarka da awakinka, ba ka da inda za ka, sannan karenka ya yi wannan a masallacin ubansa. Uwargida ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Inna ba ta ce uffan ba, kallo ɗaya ta yi mini. Na je na durƙusa gaban tsohon na ce, "Baba, a gafarce ni, yau zan san yadda zan yi da shi." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, wanda ya biyo ku cikin wannan taɓo ba a yar da shi. Ka dai nema masa nasa yashin, don na ga ya san mai kyau."

Abin da na yi ke nan. Na kwashe yashin rakuba gaba ɗaya har ƙasan da ke ƙarƙashi, na kwarara ruwa, na sayi yashi cikin karo guda da ɗan kuɗin da ya rage. Rabi na mayar wa tsoho, rabi na zuba a can bayan garke, na ɗora ɗan kaɗan daga wanda ya ɓata a kai. Na sayi sarƙa maimakon igiya. Watannin da muka yi a gidan nan, Duna bai sake kuskure ko sau ɗaya ba. Daga baya na fahimci abin da masana ke faɗa, cewa kwikwiyo tun yana ɗan makonni yake sabawa da irin ƙasar da yake ji a tafin ƙafarsa lokacin bahaya, ya girma yana nemanta. Wanda ya tashi a kan yashi yashi zai nema, na kan ciyawa ciyawa. Da na san haka, da tun kwikwiyo na riƙa kai shi wurare dabam dabam, yau yashi, gobe laka, jibi tsakuwa, da kuma a kan igiya, don akwai karen da bai iya yi ba idan ana riƙe da shi.

Ga wanda tafiya da kare ta kama, ko ta lafiya ko ta dole, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a cika masa ciki dab da tashi, a ba shi kaɗan awa uku ko huɗu kafin, don jijjigar mota tana sa su amai da zawo. Ruwa kuwa kada a hana shi wai don kada ya yi fitsari, zafin ƙasar nan yana kashe kare da sauri fiye da yadda ake zato, kuma ƙarfen bayan lori da tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa. A shimfiɗa masa tsohon buhu da yashi, nesa da buhunan abinci. A zaga da shi kafin a hau. Duk inda aka tsaya a sauke shi da igiya, a yi nesa da masu shayi da wurin salla da bakin tur'a, a haƙa a rufe. Tasha ba gidanka ba ce, kuma abin da karen Bahaushe ɗaya ya yi, sunan Hausawa duka za a kira. Mai niyyar tsallaka iyaka ta Gallabat ko wata, ya riƙe takardar allurar haukan kare, allurar ma ko ba tafiya wajibi ce. Ni yanzu ko lambun ƙanina na Mai Wurno za mu kwana da shi, sai an ɗebi rabin buhun yashi daga wurinsa. Yara suna kiransa guzurin Duna.

Da muka dawo gida a farkon 2025, lori ba ta gama tsayawa ba ya dira. Mu muna duba ƙofofi da abin da ya rage a ɗakuna, shi ya wuce kai tsaye bayan garke, inda ciyawa ta rufe tsohon wurinsa har gwiwa. Ya kutsa ciki ya yi kewayensa, dama, hagu, ya fasa, ya sake. Inna tana tsaye da ƙullin kayanta a ka tana kallonsa. Ta juyo ta ce wa auta, "Je ka duba mini ko sun bar mana shebur ɗin nan."